Kawu Sambo da ya shigar da akuya aji

Duk wanda ya san Kawu Sambo ya san ba a jefar da gwangwani a gabansa. Sai ya tsince, ya kaɗe, ya cusa a buhun da ke bayan babur ɗinsa. "Kayan kimiyya ne wanga!" Aikinsa zagaya makarantun firamare, yana warware wa malamai abin da manhajar kimiyya ke nufi. Ya yi ritaya, amma bai daina ba.

Wata rana ina dafa shinkafa a gidanmu na Bungudu, sai ga shi da malamai huɗu har madafi. Ko sallamar kirki babu! Ya ɗaga murfin tukunyata, ruwa na ɗiga.

"Manhaja ta ce yara su ga yadda ruwan sama ke samuwa. To, ga hadari, ga ruwa. Mi ya rage?"

Ya yi ta buɗewa yana rufewa har kowa ya gwada. Na ce, "Kawu, shinkafar fa?" Ya ce, "Ke Rabi, jahilci ya fi ɗanyar shinkafa ɓata ciki." Ɗanyar muka ci.

Abin da ya yi a Tsafe kuwa, wani malami ne ya ba mu labari wurin ta'aziyyar rasuwarsa. Wai Kawu ya tarar da shi yana zana akuya a allo. Kawu ya fita, ya jawo akuyar mutane har cikin aji. Kafin a ankara ta cinye shafin manhajar. Mai akuya na ihun ɓarawo, yara na ta tsalle, Kawu ko a jikinsa: "Malam, goge wannan karen da ka zana, ga ta gaske."

Da hanya ta lalace saboda 'yan bindiga, muka roƙe shi ya bar zuwa Nahuce. Ya ce, "Su ɗauke ni! Da kansu za su maido ni, don sai sun faɗa mini abin da ke tura harsashi." Ba su suka ɗauke shi ba, zazzaɓi ne, a Gusau.

Yanzu ɗiyata Hafsatu na aji huɗu. Yau a buɗe makaranta, gobe a rufe don tsoro. In an buɗe, malaminsu, yaro ne sabo, sai ya kwafe manhajar a allo su ma su kwafe. Ban ga laifinsa ba, wa zai nuna masa?

Kwanaki ta tambaye ni ina gishiri ke zuwa in ya shiga miya. Ni da na tsaya a aji uku! Na ce, "Ikon Allah ne." Ta dube ni kawai. Tun ranar ba ta ƙara tambayata komai ba, kuma wannan shirun ne ke cin raina.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka. Ya Allah, kada yarinyar nan ta tsaya inda na tsaya.