Masu Mashin Mas'uda

A shekarun da wayar hannu ba ta gama shiga aljihun kowa a Dogon Dutsi ba, akwai wani ɗaki kusa da tasha mai ƙofar ƙarfe shuɗiya, inda ake buga wa mutane takardu. Na Abdulwahabu ne, amma shi rabin rayuwarsa a kan hanyar Yamai take, don haka ƙanwarsa Mas'uda ce ke riƙe da wurin. Ta yi lise, wato babbar sakandare, ba ta samu bak ba, takardar kammalawa, sai ta koyi bugun rubutu, har ta kai tana hira da mutum yatsunta na gudu ba ta duba su. Malaman makaranta su kawo tambayoyin jarrabawa, masu neman aiki su kawo takardunsu, tsofaffi su zo a rubuta musu wasiƙa zuwa meri, ofishin magajin gari.

Ordinatar, wato kwamfuta, biyu ne a ɗakin, tsofaffi, masu ƙugi kamar injin niƙa. Wata rana Abdulwahabu ya dawo da faifan wani wasan yaƙi, ya haɗa na'urorin biyu da waya ɗaya. A wasan mutum yana kafa gari, ya tura manoma gona, ya sare itace, ya tara runduna, sannan ya afka wa garin abokin karawarsa. Rubutun duk da Ingilishi yake, ba mai karantawa, kowa da lalube ya koya.

Wanda ya fi kowa iyawa shi ne Mushe Ma'azu, wato Malam Ma'azu da Faransanci, ma'aikacin kiwon dabbobi da aka turo garin daga gabas. Ba shi da dangi a wannan yanki na Arewa, in ya tashi aiki nan yake zuwa. Mutum ne mai son doki tun yana ƙarami, a wasan ma mahaya kawai yake tarawa, ya sako su gaba ɗaya su tattake garin Abdulwahabu kafin a kira la'asar. Wata uku ba wanda ya ci shi.

Mas'uda tana gefe tana bugun takardu, tana kallo da wutsiyar ido. Da tsakar rana, lokacin da zafi ke korar kowa gida, sai ta buɗe wasan ita kaɗai. Yaƙin bai dame ta ba da farko. Abin da ya ja hankalinta shi ne ɗan koren layin da ke saman kan kowane soja, wanda ke raguwa in an sare shi. Ta lura ba daidai yake raguwa ba. Mai mashi in ya soki mai takobi, ɗan kaɗan layin ke motsawa, amma in ya soki mahayi sai layin ya zabge babban yanki. Ta riƙa haɗa su biyar-biyar tana kallo. Maharba suna kashe masu mashi tun daga nesa, mahaya kuma suna cimma maharba kafin su sake ɗana kibiya. Kibiya a jikin ganuwa kuwa kamar watsa yashi ne, sai injin jifa da dutse ke rushe ta. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ta.

Wata Laraba ana tsakiyar wasa aka aiko cewa motar kayan Abdulwahabu ta iso. Ya miƙe da sauri ya ce ta zauna ta riƙe masa garin kada ya mutu kafin ya dawo. Ma'azu ya yi murmushi, ya ce zai jira ta shirya. Ta ce ba komai, ya zo.

Ya zo da mahaya wajen arba'in. Ita kuwa ta jera masu mashi, waɗanda kowa ya raina saboda ba su da sulke, ta ɓoye maharba a bayansu. Dawakin suka faɗa kan masun suka riƙa zubewa. Ma'azu ya dubi allonsa, ya dubi wayar da ta haɗa na'urorin, ya ce tabbas tasa ce ta lalace, a yi musayar kujera. Aka yi. Ta sake cin sa, wannan karon har ta rushe masa ganuwa.

Ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa.

"Malama Mas'uda, don Allah mi kinka yi ma dawakina?"

"Ba ni ba ce, Mushe. Mashi ne. Doki duk ƙarfinsa in ya hau tsini ya gama. Da maharba ka zo da su, da tuni ka cinye ni."

Washegari da maharba ya zo, ya tarar da ita da mahaya. Daga nan wasan ya zama wani abu dabam. Kowa na tura ɗan leƙen asiri ya ga me ɗan'uwansa ke tarawa, ya sauya kafin a haɗu. Wani lokaci shi ya ci, wani lokaci ita. Ƙofa a buɗe take, masu jiran mota su tsaya su cika bakinta, wasu na bayan Mushe, wasu na bayan ɗiyar gari. In kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar gumurzu sai a yi ta gardamar wa ke gaba, har a watse ba a daidaita ba. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a gefen ɗakin, wadda ba ta taɓa leƙa allon ba, kullum sai ta tambayi Mas'uda ko yau ta kori dawakin baƙon.

Shekara biyu aka yi haka. Sai aka mayar da Ma'azu wajen Sukukutane, inda ko kuran babu a lokacin. Ya zo sallama da rana tsaka, ya ce a yi na ƙarshe, amma akwai mutum shida suna jiran takardu, ba a yi ba. Bayan ƴan shekaru wayoyi suka yi yawa, masu buga takarda suka cika gari, ɗaya ordinatar ta ƙone a wata damina, Abdulwahabu ya mayar da ɗakin shagon siminti.

Mas'uda ta yi aure a Matankari. Yanzu tana aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da can, ita ke rubuta sunayen mata masu zuwa awo da ranakun rigakafin jarirai. Idonta ya fara rauni, da tabarau take karatu. Ƴaƴanta huɗu, kuma babu wanda ya yarda da gaske cewa uwarsu ta taɓa tara jama'a a bakin tasha. In ta ba su labarin sai su yi dariya su kalli ubansu, shi kuma ya ce shi ma ji ya yi, bai gani ba. Bara wata mata ta ba ta labari a wajen wani biki cewa Mushe Ma'azu ya yi ritaya ya koma garinsu, yana kiwon tumaki da doki ɗaya. Ta karɓi lambarsa a wajen matar da ta ba ta labarin, suka gaisa ranar sallah, ya tambayi labarin Abdulwahabu da mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya, ta gaya masa waɗanda suke raye da waɗanda suka rasu.