Gabun Jan Zare

Jiya a motar Illela, wata tsohuwa ta ƙi karɓar kyautar ledar gabu da na miƙa mata.

Tun ina jami'a nake daka gabu, busasshen ganyen albasa, ina ƙullawa a leda da jan zare don ba ni da injin liƙewa. Da na gama karatu na sayi inji, na buga takarda mai hoto da sunan Faransanci, na daina zaren. Sai ciniki ya tsaya cak. Masu butik, wato shaguna, suka fara maido mini da kaya, har na soma tunanin barin sana'ar.

Tsohuwar ta juya ledar, ta shinshina, ta ajiye mini a cinya.

"Aje abinki, ɗiyata. Ni gabun Jan Zare nika sa wa miya. Wanga mai hoto na ƴan kwaikwayo ne."

"Inna, wace ce Jan Zare?"

"Wata baiwar Allah ce a Konni. Gabunta ba shi da tsakuwa. An ce ta yi aure ta bari, duk garinmu muna cigiya."

Na ce, "Inna, ni ce fa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? To mi ya kai ki ɓoyewa?"

Ashe ina da suna a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Yau da safe na sayo zare. Ku fa, wane suna masu saye suka raɗa wa kayanku?