Kwanon Autarmu

Autarmu ta dawo daga Faransa da hantar wani yaro a cikinta. Likitocin wata ƙungiyar agaji ne suka tafi da ita, idanunta rawaya kamar an shafa kurkum, suka dawo mana da ita fes. Mutanen unguwarmu ta Zongo kaf sai da suka zo kallo, har matan ƙabilar Ewe masu sayen atamfa wajen Baba suka biyo sahu.

Ni ce babba, don haka ni likita ya damƙa wa doka. Maganin da ke hana jikinta ƙin hantar ya raunana ta, ƙaramar cuta ma za ta iya kayar da ita. Ruwanta dafaffe, kwanonta daban, cokalinta daban, kada hannun kowa ya shiga abincinta.

To, a gidanmu Baba kaɗai ke ci shi ɗaya. Mu yara tire guda muke kewayewa, ana ture-ture, ana satar nama. Sai ga 'yar mitsitsiya a kan tabarmarta can gefe, da kwano mai murfi. Ƙannena, da bakinsu ba ya shiru, suka laƙaba mata Alhaji. "Alhaji, a ci lafiya!" Na sha ranƙwashinsu, a banza.

Sai ta fara barin abinci. Loma biyu, ta rufe. Inna ta yi akume, tuwon masarar nan da take so, da miyar ayoyo, ta soya kifi, ko kallo. Wuyanta ya zama kamar na kaza. Likita ya ce in ta ci gaba da ramewa, hantar ba za ta zauna ba. Wallahi na ji tsoro, irin tsoron da ban ji ba ko lokacin da take can Faransa.

Kakarmu ce ta gano. Ta ce wa Baba, "Kai, yarinyar nan ba ciwo ke damunta ba. An ware ta kamar kuturwa, ta ina abinci zai wuce?"

Washegari da azahar Baba ya sa aka ƙona babban tiren da ruwan zafi, aka juye abincin gidan duka a ciki, har nasa. Ya zauna a ƙasa cikinmu, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce kowa ya naɗe hannunsa.

Ya miƙa wa Auta cokalinta. "Uwata, ke za ki fara. Ɗebi naki, sannan mu sa hannu."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗiba a kwanonta, ta zaɓi tsokar da ta fi kowacce girma, tana kallon ƙannena ido cikin ido. Ta matso har gwiwarta na gugar tawa.

"To, bismillah," in ji ta. "Ku ci mana."

Inna ta tashi wai za ta duba wuta, alhali tukunya tuni aka sauke. Auta kuwa ta cinye tas, ta miƙo mini kwano tana neman ƙari.