Matar da Ta Kwanta a Daɓen Sito

Kullum ƙarfe shida da rabi, kafin a buɗe ƙofar sito, za ka same ta a kan tsani da tsumma a hannu tana goge idon kamarori. Ba aikinta ba ne, amma wa ya isa ya hana ta? 'Yan dako na kiranta Anti Mai Ido. Ita ce ta koya wa kwamfuta gane mutum, domin injin ɗaga kaya ya tsaya cak idan akwai wani a ƙarƙashinsa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka ce ta zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu. Ta farko motsi kawai take bi, ga sauri ga sauƙi. Ta biyu sai an nuna mata dubban hotuna kafin ta san siffar mutum, ga nawa kamar jaki ya ƙoshi. Anti ta ɗauki ta farko. Ashe mai bin motsi na da mugun hali: duk abin da ya yi minti biyu bai motsa ba, sai ta ɗauke shi daɓe ne.

Wata rana da azahar jiri ya kwashi wani ɗan dako, Dogo, ya faɗi tsakanin buhuna. Minti biyu, allon kwamfuta ya shafe shi, kaya suka sauko a kansa. Yau Dogo ne ke gadin ƙofa, da ƙafa ɗaya.

Babu wanda ya tuhume ta, ita ce dai ta kasa yafe wa kanta. Ta koma hanya ta biyu, sai ta tarar hotunan da ake da su duk na masu tsayuwa ne. Ta shiga roƙon 'yan dako su kwanta ta ɗauke su, rigingine, rub da ciki, rabin jiki a bayan buhu.

"Anti, yau ma mutuwar za mu yi?"

"Ku mutu min na minti ɗaya, ƙannena, kada ku yi ta gaske."

Kowane hoto da hannunta ta zagaye mutumin ciki, shekara da shekaru, har ganinta ya fara dishi-dishi.

Bara sabon manaja ya ce injin na yawan tsayawa a banza, a koma mai bin motsi. Ba ta ja da shi ba. Ta kunna masa, ta sauka, ta gyara zaninta ta kwanta daidai inda Dogo ya faɗi, kaya na reto a samanta. Mu ma'aikatan sito muka taru muna kallo. Minti biyu, allo ya nuna daɓe fayau.

"Ranka ya daɗe, kana ganina?" ta ɗaga murya.

Daga bakin ƙofa Dogo ya ce, "Haka ni ma na ɓace, yallaɓai."

Maganar ba ta sake tashi ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, likita ya ce idon ba zai ƙara jure allo ba. Abin da ke ci mini rai, mutanen da ta tsare ba su ma san an tsare su ba, gida kawai suka koma da ƙafafunsu biyu.

Ke ce kika yi kuskure sau ɗaya, kika biya da idanunki. Mun gode, Anti, Allah Ya saka miki. Kai kuma da za ka gaji kujerarta, kafin ka zaɓi kowace hanya, sauko ka kwanta a daɓen nan, ka tambaya ko ana ganinka.