Tsinuwar da Ban Tsaya Na Ga Ƙarshenta Ba

Edita, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, duk wanda ya sauka zangon Agege yakan san muryata kafin ya san fuskata. Tuwo nake sayarwa a bakin hanyar kwata, mijina mahauci ne, ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma bakina ya fi wuƙarsa kaifi. Idan ɗan dako ya ci tuwona ya raina miyar, sai ya gwammace kiɗa da karatu. 'Ya'yana ma ba su tsira ba. Kwano ya faɗi, tsinuwa. An daɗe a famfo, tsinuwa. Ban ɗauke ta bakin komai ba, gishirin magana ce a wurina. Yanzu da na tsufa, kuma Allah ya sa na iya riƙe alƙalami da hannuna, ina so in faɗi abin da na yi wa wata mata da ta fi ni ta kowace fuska. Ba zan kama sunanta ba. Waɗanda suka yi ƙuruciya a Legas a wancan zamani za su gane ta.

Gida ɗaya muke haya, ƙofarta na kallon tawa. Haifaffiyar Agege ce, 'yar fataken goro, Yarbanci a bakinta kamar ruwa, kuma tana cikin 'yan matanmu ƙalilan da aka bari suka yi makaranta har ta zama malamar firamare. Yaya take ce mini. Sati uku ne tsakanin haihuwar da na yi da wadda ta yi. Ni na sami mace, ita namiji, sai ciwon nono ya kama ni har ruwan ya ƙafe. Ban roƙe ta ba. Shigowa ta yi ta ɗauki jaririyar da ke ta tsala kuka, ta ce ai shi ya sa Allah ya yi su biyu, kuma ɗanta ba zai shanye su shi kaɗai ba. Wata biyar tana shayar mini da ita. Kun san abin da wannan yake nufi a wurinmu: ta zama uwa. Yarinyar ta tashi tana ce mini Iya, ita kuma Inna.

Matar nan tana da wata baiwa da har yau ban ga mai irinta ba. Da yamma idan ta taso daga makaranta, sai ta zauna a kan turmina ta tara yaran gida, ta ɗauko waƙar gaɗa ta sake mata baiti. Ta yi waƙar wanke hannu kafin cin abinci. Ta yi ta ƙirga da harshe uku. Ta yi ta tsallaka layin dogo, saboda jirgi ya sha kashe mana yara a Agege, kuma na rantse bayan waƙar nan za ka ga yaro ya tsaya a bakin layi yana duba dama da hagu yana rerawa. Tsofaffin waƙoƙin kuwa bin mata take ɗaki ɗaki tana tambaya. Ni kaina na ba ta guda huɗu na garinmu ina cikin daka, tana rubutawa tana yi mini tsiya wai muryata sai dai kiran tuwo. Wani ma'aikacin rediyo ya ji ta ranar rabon kyauta a makarantarsu. Daga rediyo aka ɗauke ta telebijin tana gabatar da shirin yara, daga nan ta fara fitowa a wasan kwaikwayo. Takan yi tsohuwa, takan yi 'yar kasuwar Bayarabiya, ka rantse ba ita ce ke wanke-wanke kusa da kai da safe ba.

Shirin yaran da Turanci da Yarbanci ake yinsa. Ita ta yi ta naci wajen manyanta har suka yanka mata ɗan lokaci na Hausa duk Asabar, da sharaɗin ita za ta riƙa kawo yaran. Ba ƙaramin aiki ba ne. Gida gida ta bi tana durƙusa wa iyaye maza, mahauta da dillalan shanu waɗanda ke ganin akwatin nan aikin shaiɗan ne, har ta haɗa yara goma sha biyu. Da kanta take duba musu farce, ta ɗora su a danfo, motar hayar Legas, ta dawo da kowa ƙofar gidansu kafin magariba. 'Yata ce ke ba da waƙa, sauran na amshi. Lokacin kuɗi sun shigo ƙasa, an fara sayen telebijin, mai gidan hayarmu ma ya saya. Ranar Asabar falonsa ba masaka tsinke. Ni da ba na rufe tukunya don kowa, nakan rufe in je in ga 'yata, in dawo ina hura hanci.

Da babbar Sallah aka ba ta dama ta shirya wasan Hausa. Ita ta tsara shi, ta fito a matsayin uwa, 'yata kuma 'yarta. A zamanin kai tsaye ake yi, abin da ya wuce ya wuce, ba maimaici. Muka cika falo bayan la'asar. Aka nuna yarinyar ta fasa tulu. Sai ga matar nan ta fito da zani a ƙirji, ta nuna 'yata da yatsa, ta tsine mata. Ta ce Allah ya hana ta ganin daidai, ta ce yadda tulun nan ya watse haka rayuwarta za ta watse. Da wata ce ta faɗa, da na ce wasa ne. Amma wannan bakin wadda ta shayar da ita ne, kuma mu mun tashi da sanin cewa bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na miƙe na tsallake mutane na fita. Matar mai gida tana janyo mini zani tana cewa in zauna ba a gama ba, na fizge.

Ba zan yi ƙarya in ce ba a gaya mini ƙarshen wasan ba. An gaya mini. 'Yata da kanta ta dawo da murna tana ba ni labarin yadda uwar ta yi nadama daga baya, ta janye maganarta, ta sa mata albarka. Na ce ta rufe mini baki. Kwana biyu sai ƙarambau ya feso mata. Rabin yaran unguwa suna fama da shi a lokacin, amma ni na riga na sami shaidata. Na je wurin limamin masallacinmu. Malam ya ce aiki da niyya yake, wadda aka tsine wa yarinyar cikin labari ce ba tawa ba, sai dai da an kauce wa irin wannan lafazi da ya fi. Na bar masa rabin farko a kan buzunsa, na ɗauko rabin ƙarshe na shiga gari da shi.

A gidan sunan wani dillali na sami matar nan, mata cike da tsakar gida. Ta taso da fara'a tana yi mini sannu da zuwa, tana tambayar mai jiki. Na ce kada ta sake tambayar yarinyar da ta gama da ita. Na ce ta sayar da bakinta ga masu akwati, yau 'yata ce, gobe 'yar kowa. Na ce nonon da ta ba ta ashe igiya ce ta ɗaura mata. Ta tambaye ni a hankali ko Yaya ta ga ƙarshen wasan. Na ce ba sai na ga wutsiyar maciji nake sanin maciji ne ba. Wata tsohuwa mai goro ta ce ikon Allah, yau ga mai tuwo na wa'azin tsinuwa, gobe kura za ta yi limancin awaki. Aka yi dariya, dariyar ta ƙara tunzura ni. Na juya kan matan ina kiran 'ya'yansu ɗaya ɗaya, ina tambayarsu wa ta yarda a yi wa nata.

Washegari da hantsi ta shigo ɗakina ba tare da ta jira izini ba. Ba ta kalle ni ba. Ta durƙusa gaban tabarmar yarinyar, ta dafa kanta da duk ƙurajen, ta yi ta sa mata albarka da ƙarfi yadda duk gidan zai ji: Allah ya raya ta, ya ba ta ilimi, ya sa ta fi iyayenta. Da ta gama ta ce da ni, idan bakinta yana kamawa, to ga wanda ta faɗa da zuciyarta. Ta fita. Ko kalma ɗaya ba ta rama ba, a ranar ko bayanta. Amma na riga na yi ɓarna. Maza sun ji, kuma dama da yawansu neman dalili suke. Asabar ta zo, ta tsaya a bakin titi da danfo, yara uku suka fito. Ta gaba, ɗanta kaɗai. Ta sake bin gidaje tana durƙuso, aka yi ta ba ta haƙuri ta bayan labule. Wata guda manyanta suka jira, sannan suka mayar da lokacin Hausa cikin na Yarbanci. Yaran Agege ba su sake waƙa a akwatin nan ba.

Ita kam ba ta faɗi ba. Ta ci gaba da shirinta, kullum da fara'ar nan, 'ya'yan wasu na zagaye da ita. Nakan ji muryarta daga falon mai gida ina tuƙa tuwo, wani lokaci ta saka waƙar garinmu ita kaɗai ba mai amsa mata. Shekara guda muka ƙara a gida ɗaya, tana gaishe ni kullum ina amsawa da hanci. Daga nan suka koma Ikeja, can kuma da aka buɗe sababbin tashoshi a Arewa aka neme ta ta tafi. Na ji ta horar da matasa da yawa, ta yi wasanni, kuma har yau akwai manyan mutane masu furfura da ke rera waƙar layin dogo ba su san daga kan turmina ta tashi ba.

Na haura arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, don na gaji da kai wa mutane wasiƙata su karanta mini sirrina. Na sha wuya, yatsuna sun saba da muciya. Da na fara haɗa baƙi, duk takardar da na gani sai na karanta. Ina kwashe kayan 'yata za ta tare a gidan mijinta na ci karo da wasu takardu a ƙasan akwati, an buga su da tafireta, sun yi ja. Wasan nan ne. Na zauna na yi ta haɗa shi har kwana uku. Na ga ƙarshen da na ƙi tsayawa, kuma ya fi yadda aka ba ni labari. Amma ba shi ya karya ni ba. Maganganun uwar ne. A telebijin ban gane su ba saboda fushi, a takarda kuwa, ina bin su baƙi baƙi, sai na ji muryata. Allah ya hana ki ganin daidai, nawa ne. Zancen tulu, ni na faɗe shi, a kan wannan yarinyar, a tsakar gidan nan, ranar da ta fasa mini randa. Ba abin da matar nan ta ƙirƙira. Kwashe bakina ta yi ta zuba a takarda.

Wasiƙar farko da na rubuta a rayuwata ita na rubuta wa. Bayan wata biyu ta zo Legas biki, ta biyo ta rumfata, ta zauna a benci ta ce a zuba mata na masara. Na fara ba ta haƙuri, ta ce Yaya ta bari miya na hucewa. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini gaba da gaba. Ta ce ƙanwa ba ta yi wa yayarta faɗa, kuma shekara goma tana jin ana tsine wa 'yar da ta sha nononta, ba ta da hanyar da za ta yi magana sai wadda ta iya. Ta ce kuskurenta ɗaya, ta manta Yaya ba ta taɓa zama an gama magana ba. Ta yi dariya, ta yaba rubutuna, ta ce sai dai ina cinye wasula kamar yadda nake cinye haƙƙin mai saye a wajen nama. Na tambaye ta yaran nan goma sha biyu. Nan ne kaɗai fuskarta ta canza. Ta lissafa su da sunayensu, har da wadda ke da murya mafi daɗi a cikinsu, ta ce ta so a ce sun daɗe.

Ta yafe mini, amma yafiya ba ta mayar da Asabar ɗin yaran nan ba. Ni na tsine wa 'yata da gaske shekara da shekaru ban ga laifina ba, wata ta kwaikwaye ni sau ɗaya don in gani, na tara mata jama'a. Don haka ina kira ga mata 'yan'uwana, musamman masu irin zafina. Idan kin ga abin da ya tayar miki da hankali, zauna a gama kafin ki miƙe. Idan kin je wurin malami, ɗauko amsarsa duka. Kada ki raina masu waƙa da wasa, wani lokaci su kaɗai suka iya gaya miki abin da kowa ke tsoron faɗa. Kuma kafin ki fita neman wanda ya yi wa ɗanki baki, ki tsaya ki saurari abin da kike ce masa tsakanin asuba da azahar.