Wutsiyar Farar Saniya

Har yau idan na ji ƙarar ruwa a magudana sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

Daminar bara ce, bayan na gama sakandare a Kazaure, na je hutu wajen Goggo, ƙanwar babana, a rugarsu ta gefen Roni. Ran nan na raka ta kora shanu zuwa hayin fadama. Da safe ruwan iya gwiwa muka ratsa shi, furen bado ya rufe shi fari fat. A wajenmu ko yayyafi ba a yi ba, ashe an tafka ruwa can kan duwatsu. Da la'asar muka juyo muka tarar fadamar ta cika ta batse, ruwan ja, doguwar ciyawar kachala sai kanta ake gani. Bayanmu ma ya fara zagayowa. Ni kuwa ban iya ruwa ba.

"Goggo, mu jira ya janye mana."

"Ƙaruwa yake, 'yar nan. Kama wutsiyar farar can, ta fi kowa sanin hanya. Yar da takalman! Su za ki aura?"

Na yar. Na naɗe gashin wutsiyar a hannu, saniyar ta faɗa ruwa ta fizge ni. Ƙafata ta daina taɓa ƙasa. Ina salati ruwa yana shiga bakina. Wani abu mai kaushi ya gogi cinyata, sai ga kan guza ya ɓullo kusa da kafaɗata, shi ma gaɓa yake nema, ko kallona bai yi ba.

Daga nan fadamar ta tashi sama. Agwagin kirinjijiya ne, ban san iyakarsu ba, suna fito kamar ana kiran wani, manyan tsuntsayen dinya a bayansu, har hasken rana ya dusashe. Wata balbela ta sauko ta tsaya a kan tozon saniyar da nake riƙe da ita, a tsakiyar wannan ruwa, tana gyara gashinta. Na zuba mata ido. Ita nake kallo har gwiwata ta daki laka.

Goggo ta fito riƙe da wutsiyar bijimi, tana haki tana dariya.

"To saki mana, ko gida za ki kai ta a haka?"

Yatsuna sun ƙi buɗewa. Sai da ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.