Ranar da Aka Je Wa Inna Jajen 'Yarta Tana Raye

Akwai abin da in ka tuna sai ka yi dariya, akwai wanda sai dai ka ja tsaki. Wannan da zan ba ku na tsaki ne, kuma ko zan manta lambar wayata, shi kam ba zan manta da shi ba.

Shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan ina can ina karatun jinya, ni 'yar Gwarzo, da ƙawata 'yar Gude ta Kabo. Ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Da aka fara kwaso ɗalibai ni na samu mota, ita ba ta samu ba, don fasfonta na kulle a ofishin makaranta, mai makullin kuma ya gudu da iyalinsa. A bakin mota ta riƙe hannuna ta ce, "Ki je ki gaishe min da Inna. Amma don Allah kada ki ce mata komai."

Inna ita ce mahaifiyarta, kuma hawan jini ne da ita mai tsanani. Shi ya sa mutan gidan suka haɗa baki, ana ce mata 'yarta ta fita daga garin, tana kan iyaka tana jiran jirgi. Yayan ƙawata har batirin rediyon Inna ya cire, ya ce mata ta lalace.

Ni kuwa na dawo gida kamar wadda ta ciyo kofi. 'Yan uwa daga Lakwaya da Kara sai ɓarkowa suke yi barka da arziki, an yanka kaji, ni kuma babban yatsana ko hutawa ba ya yi. Sitatus a kan sitatus, fostin a kan fostin, wai ni ce wadda ta tsira daga yaƙi. Layik na zuba, kaina na kumbura. Yanzu in na tuna yarinyar nan ji nake kamar in kama ta in ƙwace wayar.

Kwana uku da dawowata na je Gude gaida Inna. Bayan mun gama gaisawa ta matso ta ce, "'Yata, kin baro ta lafiya?"

"Lafiya ƙalau Inna, layin jirgi ne kawai."

"Tana dai cin abinci?"

"Inna, har ƙiba ta yi."

Ta yi dariya, ta ƙulla min gyaɗa a leda.

A ranar da yamma sabis ɗin waya ya ɗan dawo musu a Sudan, ƙawata ta turo min bidiyo. Tana kwance a ƙarƙashin gado, ba ko ɗankwali a kanta, ana jin harbi kamar ana soya gurguru. Tana kuka tana cewa, "In ba mu sake ganawa ba, ki ce wa Inna ta yafe min." A ƙarshe ta share hawaye ta ce an ɗan lafa, kuma akwai wani malaminsu da ke ƙoƙarin karɓo musu fasfo.

Washegari da safe wani gaye ya shigo min inbos, wai ɗan jarida ne na wani shafin labarai a intanet. Baki kamar zuma. Ya ce yana neman shaidar cewa har yanzu akwai ɗalibai a can. Na ce ina da bidiyo, amma mahaifiyar yarinyar ba ta da lafiya, ba ta ma san halin da ake ciki ba.

Ya ce, "Haba Malama, mu aikinmu ne. Murya kawai zan ɗauka, ba suna, ba fuska, ba gari. In duniya ba ta ji ba, wa zai kwaso su?"

Maganar ta shige ni. Amma gaskiya ɗaya ce, ya kuma ce zai yi min tagin, sunana ya fito a shafinsu. Kafin ya gama rubuta na gode, na riga na tura.

Azahar ba ta yi ba abu ya fashe. Ga fuskarta fes, ga sunanta har da na babanta, duk ya kwaso daga tsofaffin fostin ɗina. A sama an rubuta ɓaro-ɓaro: ɗalibar Kabo ta yi wa mahaifiyarta bankwanan ƙarshe. Ya ɗora kiɗa mai sa kuka, ya liƙa hoton wani bene na cin wuta wanda ni da na zauna a garin ban taɓa ganin sa ba. Wurin da ta ce an lafa kuwa ya yanke shi tas.

Ina kallon bidiyon sai ga kiran yayanta. Ko sallama babu. "Ke, me kika aikata? Ki taho Gude yanzu."

Kun san mutanenmu, ba a jin abu ya sami maƙwabci a zauna. Da yawa ma ba su buɗe bidiyon ba, bankwanan ƙarshe kawai suka gani a gurup suka zari hijabi. Inna na tsakar gida tana tsince wake, wata maƙwabciya ta shigo ta ce, "Inna ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta." Inna ta ce, "Wa ya rasu?" Sai wata mai neman lada ta miƙa mata waya.

Ko da na isa an riga an wuce da Inna asibiti a Gwarzo. Waken na nan warwatse a ƙasa kaji na ci. Yaya na tsaye a ƙofar gida yana mayar da mata, muryarsa ta dushe: "Hajiya, ƙanwata ba ta mutu ba, tana raye. A'a Gwaggo, ba makoki ba ne, ku koma." Suna komawa wasu na ƙara zuwa.

A nan bakin ƙofa na kira gayen. Na ce, "Malam, ba haka muka yi da kai ba."

Ya ce, "Malama, murya zalla ba ta tafiya. Kin ga yadda abin ke tirendin kuwa? Taimakonta muke yi."

"Mahaifiyarta na asibiti fa."

"Allah ya ba ta lafiya. Wane asibiti ne? Ko za ki ɗan ɗauko min hotonta?"

Wallahi sai da na cire wayar daga kunne na kalle ta. Na ce ya sauke bidiyon, ya ce zai yi magana da oga. Kafin la'asar ya yi bulokin ɗina.

A barandar asibiti na tarar da baban ƙawata, Malam, wanda ke koyarwa a Islamiyya. Na durƙusa ina ta zuba, ya yi min alƙawari, har rantsuwa ya yi, yaudara ta ya yi. Malam ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Na ji, 'yata. Shi ya ce ba zai sa fuska ba. Ke kin tambayi mai fuskar?"

Ban tambaye ta ba. Duk zagin da na tanadar wa gayen sai na haɗiye abina.

Inna ta farfaɗo bayan kwana biyu, amma hannunta na hagu bai sake riƙe ko ludayi ba. Da ta gan ni ta daɗe tana kallo na, sannan a hankali ta ce, "Ashe har ƙiba ta yi."

Ƙawata ta dawo bayan wasu makonni, malamin nan da aka yanke zancensa daga bidiyon shi ya fito da su. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ke na tura wa." Muna gaisawa har yau, amma ba ta sake turo min ko hoton sallah ba. Bidiyon kuwa yana nan. Duk sanda aka yi maganar yaƙi sai wani shafi ya sake ɗauko fuskarta ba ɗankwali, har a kan yaƙin ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba.

Ba na cewa a ɓoye labarin yaƙi, dole a faɗa, kuma na san akwai 'yan jaridar da ke yin sa da tsoron Allah. Abin da na koya shi ne, duk wanda ake nunawa yana kuka a waya yana da uwa a wani tsakar gida tana tsince wake, kuma labarin zai iso ta. Yatsana na nan da saurinsa, ban canza ba. Amma kafin in danna tura, sai na ji muryar Malam a barandar nan, sai in koma in tambayi mai fuskar.